Sawu Biyu a Matakala Ɗaya

Da safiyar Litinin tsofaffi goma sha biyu suka jeru a kan bencin ƙaramin asibitin unguwa, suna jiran likitan ƙashi. Sau ɗaya yake zuwa a wata shida. Shi ke yi musu abin da suke kira allurar mai, wani ruwa mai yauƙi da ake ɗura wa gwiwar da guringuntsinta ya cinye, don ƙashi ya rage gugar ƙashi. Wasunsu sun fi shekara suna jiran sunansu ya shiga takarda.

Sista, malamar da ke riƙe da asibitin, ta buɗe firiji ta tsaya kamar an dasa ta. Kwalin alluran ba ya nan. Ta fito da komai, har da gorar ruwanta, ta sake leƙawa. Wayam.

Likita ya iso, ya ji labari, ya dubi agogonsa. "Ba allura, ba aiki. Gobe da yamma zan biyo ta nan. In an samu, to. In ba a samu ba, sai bayan wata shida."

Bai gama fita da motarsa ba harabar ta cika da 'ya'ya da jikoki da 'yan kallo. Ba a fasa ƙofa ba, ba a karya kwaɗo ba. Shugaban kwamitin unguwa, wanda sunansa ne na farko a takardar, ya buga sandarsa a ƙasa.

"Ruwa ba ya tsami banza! Wa ya buɗe asibitin nan ranar Asabar?"

Duk idanu suka koma kan Uwar Biyu mai shara, tana tsaye da bokiti a hannu. Kowa ya san mahaifiyarta shekara uku ke nan tana rarrafe saboda gwiwa. Kowa kuma ya san Shugaba ya ƙi sa sunan tsohuwar, wai gidansu na ƙetaren kwata, ba cikin unguwa ba. Kafin azahar samari sun shiga ɗakinta sun zazzage akwati, sun ɗaga tsohuwar daga katifa sun ajiye ta a ƙasa kamar buhu, sun farke katifar. Ba su sami ko hular allura ba. Duk da haka Shugaba ya ce a kira 'yan sanda.

Sai na tara a kan benci ya yi gyaran murya.

Baba Gandu ake ce masa, saboda shekara talatin da ɗaya da ya yi yana gadin gandun daji, yana bin sawun masu sare itace da masu kisan namun dawa. An ce yana iya duban ƙasa ya faɗa maka ko mutumin da ya wuce ya ɗauki kaya, ko yana sauri, ko tsoro yake ji. Dajin ne ya cinye masa gwiwoyi biyu. Yanzu tashi daga benci ma sai ya yi shawara da sandarsa.

"Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa gobe da yamma," ya ce. "In ban kawo ɓarawo ba, ku kira duk wanda za ku kira."

"Kai ma gwiwarka ke ciki," in ji Shugaba. "To, an ba ka."

* * *

Gaban asibitin bai da abin karantawa. Ƙafa ɗari ta tattake shi. Sista ta ce ranar Juma'a direban motar asibiti ya kawo kwalin daga babban sito, ita da kanta ta sa shi a firiji. Ƙofar baya kuwa a sakace take tun da birkila ya yi wa bangon yaɓen siminti, ta hana kowa buɗewa.

Gandu ya sami Uwar Biyu a ɗakin ajiyar tsintsiya, idanunta sun kumbura.

"Baba, wallahi ko firijin ban buɗe ba. Na wanke daɓe, na je famfo sau uku, ya bushe, na kulle na tafi."

"Kin ga wani?"

Ta goge ido ta ce, "Maɗori. Ya tsaya a bakin ƙofa yana leƙe. Da ya gan ni sai ya juya."

Wannan magana ta yi nauyi. Tun da allurar mai ta shigo unguwa, tabarmar Maɗori, mai ɗorin gargajiya na unguwar, ta rage baƙi. Ba sau ɗaya ba an ji shi a bakin kasuwa yana cewa allurar nan ƙaryar banza ce, wata rana za a neme ta a rasa.

Gidan Maɗori da nisa. Gandu na tsaye bakin titi yana lissafin yadda gwiwoyinsa za su kai shi, sai motar asibiti ta tsaya a gabansa.

"Yaya! Shigo in rage maka hanya, kada ka kai gobe."

Autansu ne, direban. Uwa ɗaya uba ɗaya, shekara goma sha biyar tsakaninsu. Unguwa na kiransa Sitiyari, don ba a ganinsa sai a bayan sitiyari, gwiwar hannu a taga, baki cike da barkwanci. Da iyayensu suka rasu, a hannun Gandu ya ƙarasa girma. Amma tun da kowa ya tara iyali, gaisuwarsu ta koma ta tagar mota.

"Ka kama ɓarawon?" Auta ya tambaya yana dariya. Gumi na tsatstsafo masa a goshi.

"Da saura. Kai lafiyarka? Ka jiƙe sharkaf."

"Ɗan zazzaɓi ne. Kada ka faɗa wa Sista, ka san halin ofis. Bara suka sallami direban babban asibiti don idonsa ɗaya ya yi hazo, saura wata takwas ya yi ritaya. Ni saura shekara biyu, ga bakuna bakwai a gida. Ko tari ba na yi a gabansu."

Ya sauya giya, motar ta yi tsalle har sandar Gandu ta faɗi.

"Kulocin nan ya mutu," Auta ya ce. "Na gaji da rubuta musu takarda."

* * *

Maɗori ya saurari zargin har ƙarshe. Sannan ya tashi ya saki labulen zaure, ya dawo ya ɗage rigarsa. Gwiwoyinsa sun kumbura sun yi suntum, sai tabon tsaga da na ƙaho a ko'ina.

"Ka gani? Shekara biyar ina shafa wa mutane man da bai yi mini komai ba. Ranar Asabar na je ne in roƙi Sista ta sa sunana a ɓoye, sai na tarar da mai shara, kunya ta kore ni. Da na saci alluran nan, Gandu, da yanzu ka same ni ina rawa a bakin titi."

"An ji ka ce za a neme su a rasa."

"Baki ne. Mai kishi ba abin da ba ya faɗa." Ya sauke rigar. "In ka tona mini asiri, ban yafe ba."

Gandu ya dubi takalman da ke bakin ƙofa, ya dubi yadda mutumin ya koma ya zauna da ƙyar. Ya yarda da shi. Ya dawo gida a ƙafa, kowane taku kamar ana soka masa ƙusa, kuma ba abin da ya ƙaru da shi sai sirrin wani.

* * *

Washegari da sassafe ya sake neman Uwar Biyu. A bakin famfo ya same ta, matan da ke ɗiban ruwa sun ja bokitansu nesa da nata.

"'Yar nan, jiya kin ce daɓe ya bushe kin kulle. Ƙarfe nawa kika tafi?"

"Tara ba ta yi ba, Baba."

"Ɗakin da taga ɗaya, ki kwarara masa bokiti uku, ya bushe kafin tara? Iska ta ina ta bi?"

Ta sunkuyar da kai. Hawaye ya ɗiga a kan hannunta.

"Na buɗe ƙofar baya. Sista ta hana, shi ya sa na ji tsoron faɗa. Amma da zan tafi na mayar da sakata."

"Kin taka matakalar?"

"A'a. Daga ciki na tura ta."

Bayan asibitin gangare ne, sai wani ɗan fili inda ake ajiye mota. Gandu ya zagaya a hankali yana dafa bango. Ƙofar baya na da matakala uku a ƙarƙashin rumfar kwano, kuma birkila ya bar su lulluɓe da ƙurar siminti, fara sol, mai laushi kamar hoda. Ba ruwa, ba iska, ba ƙafar 'yan kallo. Rabon da ya ga ƙasa mai faɗar gaskiya haka tun yana daji.

Durƙusawa ta ɗauke shi lokaci, har ya ciji leɓe. Mutum ɗaya ne ya hau, ya sauko. Namiji, mai jiki. Amma ba hawan mai lafiya ya yi ba, ƙafa ɗaya a kowace matakala. Sawu biyu ne a kowace ɗaya, gefe da gefe. A hawa dama ke gaba, hagu ta biyo. A sauka hagu ke fara taɓa ƙasa, dama ta zo ta ɗan hau gefenta. Sawun dama ya nutse, na hagu kuwa da ƙyar ya taɓa ƙurar. A jikin sabon yaɓen ga shatin tafin hannu inda aka dafa.

Gandu ya san wannan tafiyar, don tasa ce. Ɓarawon mai ciwon gwiwa ne, gwiwar hagu. Zuciyarsa ta fara zagaya benci: na uku, na bakwai, Shugaba kansa. Sai ya matso da fuska dab da sawun hagu.

Zanen ƙasan takalmin ya fito raɗau a dunduniya da gefe. Amma a ƙarƙashin tushen yatsu akwai wata da'ira, faɗin bakin kofi, sumul, babu zane ko ɗaya. Na dama ba shi da irinta. Tafiya daga dunduniya take cin takalmi. Wannan ba tafiya ce ta cinye shi ba. Ƙafa ce da ke danna ƙarfe ɗaya, a wuri ɗaya, sau ɗari a yini.

Ya daɗe a durƙushe. Ya tuna tsallen da mota ta yi jiya. Ya tuna gumin. Ya yi ƙoƙarin tuna ranar ƙarshe da ya ga Auta yana tafiya a ƙasa da ƙafafunsa, ya kasa.

Tafin hannunsa na kan matakalar. Shafa uku za ta wadatar, ƙurar ta koma ba ta san kowa ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, haka aka ce. Amma daga inda yake yana jiyo ƙarar bokitin Uwar Biyu a cikin asibitin, tana wanke daɓen mutanen da suka ajiye uwarta a ƙasa. Ya janye hannun. Ya jawo wani tsohon allo ya kifa a kan matakalar.

* * *

Da azahar ya sami motar a ƙarƙashin bishiya. Auta na ciki, ya jingina kai da kujera, leɓɓansa sun bushe.

"Auta, in kana da magana, faɗa mini yanzu, ni da kai. Mu je wurin Sista tare, in yi maka baki."

"Wace magana, Yaya?"

"An kusa kai baiwar Allah nan caji ofis."

Auta ya dubi titi. "Za su sake ta, ai ba su da shaida. Kwana biyu ne a manta."

"Sauko mu zauna a inuwa."

"Ina jiran kira ne." Ya yi murmushin da bai kai ido ba. "Yaya, tsufa ya fara sa ka zargin inuwarka."

Gandu ya tsaya yana kallonsa, yana jiran ko da ƙiftawar ido. Bai samu ba. Ya juya.

* * *

Da yamma likita ya iso. Gandu ya tara su a bayan asibiti: Sista, Shugaba, Uwar Biyu, Maɗori da aka aika aka kira, da tsofaffin benci. Jama'a suka cika gangaren. Motar asibiti na gefe, Auta a ciki.

Ya ɗage allon, ya nuna musu sawun da sandarsa, ya faɗi abin da ya karanta game da hawa da sauka. Bai ambaci da'irar ba.

"Uwar Biyu, je ki matakalar gaba ki hau ki sauko."

Ta hau ta sauko cikin taku shida, kowa na gani.

"Ƙafarta lafiya lau, kuma rabin wannan sawun ce. Ku da kuka farke katifa, kun gani?"

Samarin suka kawar da kai. Shugaba ya yi tari. "To ai masu ciwon gwiwa ga mu nan da yawa. Ga kuma Maɗori, da aka gan shi..."

"Maɗori silifa yake sawa tun da na san shi. Wannan takalmi ne sau-ciki. Kowa ya ɗaga mini ƙafarsa ta hagu."

Ɗaya bayan ɗaya suka ɗaga, ana riƙe su, wasu na gunaguni. Duk dunduniya ce ta cinye. Gandu ya bi layin har ƙarshe, a hankali, kamar mai fatan layin kada ya ƙare. Sannan ya juya ga motar.

"Saura kai."

"Haba Yaya," Auta ya yi dariya, jama'a suka taya shi. "Ni da na kawo kayan da hannuna?"

"Sauko."

"Yaya..."

"Na ce ka sauko, Auta!"

Dariyar ta mutu. Auta ya buɗe ƙofa. Ya sauke dama, ya kama ƙarfen ƙofar da hannu biyu, ya jawo hagu. Tana taɓa ƙasa ya kurma ihu ya zube. Takalmin ya juyo sama, da'irar sumul tana kallon kowa.

Likita ya riga kowa isa. Ya yaga ƙafar wandon da almakashi. Gwiwar ta kumbura ta yi jawur tana sheƙi, da ɗan baƙin ɗigo a gefe.

"Wa ya yi maka wannan?"

"Ni na yi." Auta ya runtse ido. "A bayan mota, ranar Asabar. Na sha riƙe maka ƙafar marasa lafiya, na ga yadda kake yi. Ɗaya kawai nake so, wallahi ɗaya. Kwalin a liƙe yake, na ɗauke shi duka don in buɗe in mayar. Kafin in gama mai shara ta sa sakata. Lahadi a kulle. Litinin kuma na zo na tarar da jama'a."

Sista ta jawo kwalin daga ƙarƙashin kujerar direba. Ya yi zafi kamar an sauke shi daga murhu. Likita ya juya shi sau ɗaya ya miƙa mata.

"Kwana huɗu a cikin mota a rana. Ba zan sa wa kowa wannan a jiki ba. A zubar."

Wata tsohuwa ta fashe da kuka. Shugaba ya ɗaga sanda, Maɗori ya riƙe hannunsa. Wani ya yi tofi, ya sauka a kafaɗar Auta.

"Me ya hana ka sa sunanka kamar kowa?" likita ya tambaya yana taɓa goshinsa.

"Ofis takardar take zuwa, likita. Direba mai matacciyar gwiwar kuloci, wa zai bar masa mota?"

Likita ya girgiza kai. "Ƙwayar cuta ka tura cikin gaɓar. A ɗauke shi yanzu, in ba haka ba ƙafar ce za ta tafi." Ya rage murya, amma Gandu ya ji. "Kuma allurar nan ba warkewa ba ce. Wanda ta karɓa, sauƙin 'yan watanni ne. Wani ma ba ta yi masa komai."

A bayan motar asibitin aka kwantar da Auta. Wani makanike ya ja, kuma motar ta tashi sumul, ko gargada ba ta yi ba. Ashe kulocin lafiyarsa lau.

* * *

Ba a kira 'yan sanda ba, ofis ne ya aiko wa Auta takardar sallama daga aiki tun yana gadon asibiti. An buɗe gwiwar an wanke ta sau biyu. Ƙafar ta tsira, amma ta sandare, ba za ta ƙara lanƙwasawa ba.

Uwar Biyu ta ajiye makulli a teburin Sista, ba ta sake dawowa ba. Ba wanda ya je ya ba ta haƙuri, ba wanda ya ɗinka katifar. Shugaba ya ce ai da ta faɗi gaskiyar ƙofa tun farko da ba a kai ga haka ba. Tsofaffin benci suka koma jiran wata shida. Biyu daga cikinsu, in sun haɗu da Gandu, sai su ce ɗan gidanku ya cuce mu. Matar Auta kuwa ta daina gaishe shi, ta hana 'ya'yanta zuwa gidansa.

Sai a mako na uku Gandu ya iya zuwa dubiya. Auta ya rame, gemu ya fito masa da furfura. Gandu ya zauna a kujerar ƙarfe, ya ajiye ledar lemo a gefen gado.

"Ya jiki?"

"Da sauƙi."

A gadon kusa wani na nishi.

"Da ka faɗa mini," Gandu ya ce. "Da na ba ka allurata. Na tara ce, ba wanda zai sani."

Auta ya juyo da kai a kan matashi. Babu fushi a fuskarsa, kuma hakan ya fi ciwo.

"Shekara biyu ina jan ƙafar nan, Yaya. Ranar sunan jikarka a gabanka na wuce, sau uku ina dafa bango. Ranar da na kawo maka buhun gawayi, a ƙofa na ajiye don na kasa hawa dakalinka, ka ce na zama malalaci. Sawun ɓarawo a yini ɗaya ka karanta shi. Na ƙaninka fa?"

Gandu ya sauke ido kan ledar lemon.

"Tafi da lemonka," Auta ya ce, ya juya fuska ga bango. "Ka kai wa tsohuwar Uwar Biyu. Ka ce mata in ji wanda ya sa aka ajiye ta a ƙasa."